Allunan Aro da Inna Ta Wanke

Ranar wata Jumma'a ce a watan Fabrairun 2010, ba a jima ba da yin babbar dusar ƙanƙarar nan da ta binne motoci a unguwarmu ta Greenbelt. Na dawo daga asibiti, na kai jaririna Yusuf rigakafi, ina buɗe ƙofa sai na ji ƙarar ruwa daga banɗaki, da muryar mahaifiyata tana rera wani abu ƙasa-ƙasa kamar yadda take yi idan aiki ya yi mata daɗi. Na leƙa. Inna na durƙushe a gaban bahon wanka, ta naɗe hannun rigar sanyinta har gwiwar hannu, ga sabulun wanke-wanke, ga soson ƙarfe, ga tururi ya cika ɗakin. A cikin bahon akwai dogon allon zamiya guda, ɗan'uwansa kuma an riga an gama da shi, an jingine shi a jikin hitar ɗumama ɗaki yana shan zafi.

"Rabi, kin dawo? Zo ki ga ikon Allah," in ji ta. "Wani irin maiƙo ne a jikin katakon nan, kamar an shafe shi da kitse. Sai da na sa tafasasshen ruwa sannan ya saki."

Na tsaya da yaro a kafaɗa ina kallon bahon. Allunan nan ba namu ba ne. Na maƙwabciyarmu ne, wata dattijuwar Baturiya mai suna Helen, wadda ke zaune a hawan ƙasa na benenmu, mu kuma muna ce mata Goggo Helen. Ta ara wa 'yata ne don wasan zamiya a kan ƙanƙara, wanda mutanen nan ke hawa kan dutse su sulalo ƙasa da dogayen alluna biyu ɗaure a ƙafa. Washegari kuma ita ce ranar tseren yara na shekara-shekara.

'Yar tawa sunan mahaifiyar mijina ta ci, don haka Walida muke kiranta. Lokacin tana shekara goma sha ɗaya. Tana ƙarama muka zo da ita ƙasar nan, bayan babanta ya sami aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Yarinya ce mai shiru-shiru. Idan na yi mata Hausa tana ji sarai, amma da Turanci za ta amsa, a makaranta kuma sai malamarsu ta ce ita kaɗai take zama cin abincin rana. Ni ban yi boko da ƙuruciya ba, sai bayan aure na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kano, da muka zo nan kuma na riƙa zuwa ajin Turanci na manya da yamma. Saboda haka aikin gidan da ake ba ta ya fi ƙarfina tun da wuri, sai dai in zauna kusa da ita ina gyaran wake. A shekarar ne makarantarsu ta buɗe ƙungiyar zamiya, kowace Asabar bas ya kwashe su zuwa duwatsun Pennsylvania. Tun daga zuwan farko yarinyar nan ta canja. Ta dawo kumatu jajir da sanyi, baki ba ya rufuwa. Ta taɓa ce min abin da take so a can shi ne kowa kansa a rufe yake, fuskarsa a rufe, babu mai tambayarka daga ina ka zo, sai dai a tambaye ka ko za ka sake hawa. A bas ɗin nan ta yi ƙawaye na farko.

Goggo Helen ta ji labarin ne a wurin injin wanki na bene. Da yamma sai ga ta da alluna biyu masu launin ja, da takalmansu. Na 'yarta ne tun tana yarinya. 'Yar ta girma ta yi aure a can yammacin ƙasar, ba ta cika zuwa ba, amma duk shekara sai uwar ta fito da allunan ta gyara su ta mayar, alhali babu mai hawa. Ta ce Walida ta riƙe su har ƙarshen sanyi, idan ta kula da su kuma a ga yadda baɗi za ta kasance. Wannan maganar ta baɗi ita yarinyar ta riƙe a ranta. Idan ta dawo daga dutse sai ta goge su da tawul kafin ma ta cire safa.

A safiyar Jumma'ar nan, da zan fita, na ce wa Inna kada a motsa allunan daga bakin ƙofa, yau da yamma za a kai wa mai su. Goggo Helen ce ta ce a kawo ta ƙara musu kaki saboda tseren gobe. Ban tsaya yin wannan bayanin ba, sauri nake yi. Inna, wadda ta zo daga gida don zaman jegona, ta ji za a mayar da kayan aro. Ta yi abin da ta yi duk rayuwarta.

A ƙauyenmu da ke gefen Dambatta, rabin kayan da ke aiki a gida na aro ne. Babbar tukunyar suna tana gidan Liman, rariyar ƙarfe mai kyau tana gidan Gwaggo Asabe, dutsen guga na gawayi kuma guda ɗaya ne a layinmu, na matar tela. Ni ce 'yar aike. Idan na gama surfe na ɗebo ruwa a rijiyar bayan gari, sai a ce je ki ce ina gaishe ta, ta ba ni aron abu kaza. Karɓowa ba wuya, mayarwa ita ce aiki. Inna za ta zaunar da ni a bakin murhu da toka da yashi da soso, in yi ta dirzar gindin tukunya har baƙin da muka same ta da shi ma ya fita. Sai ta ɗaga ta a rana, ta juya, ta shafa cikinta da yatsa. Idan ta ji santsin mai ko kaɗan, sai a sake. Takan ce, "Dattinmu a gidanmu zai kwana, ba a gidan mai tukunya ba." Kuma ba a mayar da ita haka nan fayau. Sai an jefa wani abu a ciki, ko ƙwan zabi, ko ƙullin daddawa, ko tafin gyaɗar da muka kalato a gonar Baba bayan an yi roro. Wata rana na riga na kai ƙofar gidan Liman, sai ga ƙanena da gudu, wai in dawo, an manta ba a sa kuka a ciki ba. Na dawo ina ƙunƙuni, ta ce min, "Wadda ta ba ki aro ta ba ki har da yardarta. Ita kike mayarwa, tukunyar rakiya ta yi."

Mu ma muna da tamu zamiyar, ko da yake ba mu san haka ake yi da alluna a wata duniya ba. Bayan an ɗauke ruwan sama, gangaren kududdufin da ake ɗibar ƙasar gini yakan yi santsi kamar an zuba masa miyar kuɓewa. Sai mu sato tsohon buhu, ko fasasshen masaki, mu hau can sama mu zauna, a turo mu mu sulalo muna ihu har bakin ruwa. Wanda buhunsa ya bushe sai ya maƙale a tsakiya, yara su yi ta yi masa dariya. Mu koma gida laka har cikin kitso, Inna ta tare mu da tsumagiya a hannu da dariya a ido. Shi ya sa da Walida ta fara ba ni labarin iskar da ke kaɗa mata fuska idan ta sulalo, ban buƙaci a fassara min ba. Na san wannan iskar.

Ina tsaye a ƙofar banɗakin nan ina neman ta inda zan fara, sai na ji takun Walida a matakala. Ta shigo, ta ajiye jaka, idonta ya faɗa kan allon da ke jikin hita. Ta juya shi. Tafin allon, wato gefen da ke taka ƙanƙara, da safe baƙi ne wuluk yana sheƙi. Yanzu ya yi furu-furu kamar ƙafar da ta kwana biyu ba ta ga mai ba, soson ƙarfe ya bar masa zane-zane, idan ka shafa sai ka ji wani gashi-gashi a yatsa. Yarinyar nan da ba a jin muryarta ta buɗe baki ta yi ta zuba Turanci a kan kakarta, tana kuka tana nuna baho. Ta ce an kashe su. Ta ce gobe za ta maƙale a kan dutse kowa yana kallo, kuma Mis Helen za ta karɓe kayanta har abada. Na daka mata tsawa, abin da ban cika yi ba, ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Inna ta kashe famfo. Ta share hannunta a zane a hankali.

"Ɓarna na yi, ko?"

Na ce, "Inna, maiƙon nan da gangan ake sa shi. Kaki ne. Shi ke sa su tafiya."

Ta dubi allon da ke cikin baho. Sannan ta ce, "To ai ba a ɓoye ɓarna a kayan aro. Kira min ƙawar tawa Walida ta ɗauko ɗaya. Ke kuma juye wainar da na yi ɗazu a kwano mai murfi."

Haka muka sauka bayan la'asar, Inna a gaba da lulluɓinta a kan rigar sanyi da allo a hannu, Walida a baya da ɗaya idanu a kumbure, ni da Yusuf da kwanon waina da miyar taushe. Goggo Helen ta buɗe ƙofa da fara'a. Da ta karɓi allon ta juya shi, sai fara'ar ta ɗauke. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai sa babban yatsa tana shafa tafin daga sama har ƙasa, ta daɗe tana yi, kamar mai duba ciwo a jikin yaro. Wannan shirun ya fi min faɗa nauyi. Na tattaro ɗan Turancin ajin yamma na fara bayani. Na ce mahaifiyata ce, a wurinmu idan za a mayar da aro sai an wanke. Daga nan kalmomi suka ƙare min, Yusuf kuma ya fara kuka. Sai Inna ta dafa kafaɗar Walida.

"Ƙawata, ke za ki zama bakina. Ce mata ni na yi, ba ke ba. Ce mata a garinmu abin kunya ne mutum ya ba ka kayansa ka mayar masa da maiƙonka a jiki. Ban san nata maiƙon ba ne."

Walida ta fassara, kanta a ƙasa. Goggo Helen ta saurara har ƙarshe. Ta dubi Inna, ta dubi kwanon da ke hannuna, ta tambayi ko shi ma cikin al'adar yake. Walida ta ce e, ba a mayarwa hannu wofi. Sai na ga kafaɗun matar nan sun sauko. Ta ce ita ta tashi ne can arewa kusa da iyakar Kanada, inda ƙanƙara ke kai rabin shekara, mahaifinta kuma yana da tasa dokar: ba a ajiye allo tsirara, ba a kuma mayar wa mai shi tsirara, sai an lulluɓe shi da kaki. Ta ce da tsohon zai tashi ya ga wannan, da ya suma, amma da ya yarda bai taɓa ganin bakin ƙarfen allon nan yana ƙyalli haka ba. Da Walida ta juya wannan zuwa Hausa, Inna ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Maganar karɓe kaya ko barin su dai ba ta taso ba. Goggo Helen ta ce kawai, "Akwai aiki. Ku shigo."

Ta shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasan kicin, ta ɗora allon a kan wasu ƙafafun katako, tafinsa yana kallon sama. Ta jawo wani akwatin gwangwani. A ciki akwai dunƙulen kaki kamar sabulai, rawaya da ja da shuɗi da kore, da makankarin roba, da buroshi iri biyu, da wani tsohon dutsen guga na lantarki wanda ba shi da hujin tururi. Da farko ta bi tafin da makankari ta kwantar da gashin da soso ya tayar, ta bi da buroshi mai haƙoran tagulla daga hancin allon zuwa wutsiyarsa. Sannan ta narkar da kaki mai taushi ta kankare shi tun da ɗumi, ta ce wannan shi ne wankan allo, shi ke jawo datti da sauran sabulu daga ciki, ba ruwa ba. Zanen da ya yi zurfi kuma sai bayan tsere a kai shago inji ya share.

Da aka zo zaɓen kakin gobe, sai ta buɗe taga ta damƙo ƙanƙara daga gefen bango ta zuba wa Inna a tafin hannu, ta ce ta dunƙula. Walida ta ci gaba da fassara. Idan ta dunƙulu ta jiƙa hannu, ƙanƙara ce mai ruwa, rawaya take so, mai taushi. Idan ta watse kamar gari, sanyi ya kai, sai shuɗi mai tauri. Ja na tsakiya ne, kore kuma na ranar da sanyi ke haɗe gashin hanci, a wannan yankin ba a cika buƙatarsa ba. Inna ta matse ƙanƙarar, ta buɗe hannu, ta gyaɗa kai.

"Haka kakanki ke yi wa ƙasa bayan ruwan farko, kafin ya ce a fito da iri," ta ce wa Walida. "Tambaye ta, kakin zuma fa? Don na zo da shi."

Goggo Helen ta ce idan aka sa wannan, yarinyar za ta kwana a kan dutse a tsaye. Sai ta juya ga Walida ta ce ita ce mai hawa, ita za ta zaɓa. Walida ta share hanci ta ce ja, tunda tseren da rana ne. Goggo Helen ta ce ta yi tunani mai kyau, sai dai ƙanƙarar kan hanyar tsere rabinta inji ne ke yin ta, kaushi gare ta kamar yashi, tana cinye kaki mai taushi tun kafin a kai ƙasa. Idan mutum yana shakka, gara ya karkata ga mai tauri. Suka tsaya a kan su gauraya ja da shuɗi.

Da dutsen guga ya yi zafi, Inna ta miƙa hannu a ba ta. Goggo Helen ta dube ta, sannan ta ba ta. Matar da ta yi shekaru tana goge rigunan Baba da dutsen gawayi ta kawo shi kusa da kumatunta ta ji zafinsa, ta ce ya ɗan yi yawa. Goggo Helen ta rage, ta ce gaskiya ne, da zarar kaki ya yi hayaƙi to ƙonewa yake. Ta nuna mata yadda ake manna dunƙulen a gindin dutsen ya riƙa ɗiga a kan tafin, sannan ta ɗora hannunta a kan na Inna suka ja tare daga hanci zuwa wutsiya. Ina zaune a kujera ina shayar da Yusuf, ina kallon hannayen nan biyu, ɗaya fari mai jijiyoyi shuɗaye, ɗaya da sauran jan lalle a farce. Ban taɓa jin Walida ta jera Hausa mai tsawon ta wannan yammacin ba. Tana tuntuɓe tana tashi.

"Inna, ta ce kar ki zauna a wuri ɗaya, zai ƙone."

"Ni da ke tsaye? Kar in tsaya dai."

"To, kar ki tsaya. Ki tafi a hankali, amma kar ki tsaya."

"Yauwa. Yanzu na ji Hausa."

Tafin allon ya riƙa shan kakin yana komawa baƙi a bayan dutsen. Aka jingine su su huce. Muka hau muka yi magariba, muka dawo muka tarar Goggo Helen ta buɗe kwano tana cin waina da cokali mai yatsu, Inna ta sa Walida ta ce mata wannan abincin hannu yake so. Bayan an ci, sai Goggo Helen ta ɗauki makankari ta fara kankare kakin, yana zubowa kamar ɓawon rogo. Inna ta riƙe haɓa.

"Kai! Duk wahalar nan, kuma a kankare? To me ya raba ta da ni?"

Goggo Helen ta ce wanda ke sama ba ya aiki, riƙe allo ma yake yi. Wanda tafin ya sha ya shige ciki shi ne ke tafiya. Walida ta fassara, sai Inna ta ɗaga farcenta ta nuna wa matar. Ta ce kamar ƙunshi ke nan, a kwana da lalle, da safe a wanke, jan ya zauna. Daga nan ba ta sake gardama ba. Ta karɓi buroshi mai laushi ta bi tafin har sai da fitilar kicin ta fito a jikinsa.

A kan matakala, muna hawa, na ji Walida ta ce a hankali, "Inna, ki yi haƙuri da abin da na ce."

"Ƙawata, ai da Turanci kika yi min faɗan, ko kalma ɗaya ban ji ba," in ji Inna. "Zafinsa dai na ji. Ya huce."

Ni ban je dutse ba saboda jariri, babanta ne ya bi su. Ya ce a ƙarshen hanyar akwai wani shimfiɗaɗɗen wuri inda gangare ke ƙarewa, nan yara da yawa suke tsayawa su koma tura kansu da sandunan da suke riƙe a hannu. Walida ta zo ta wuce wurin a sulale, ba ta sa sanda a ƙasa ba. Ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta ma kusa ba, a tsakiya ta ƙare. Amma da ta shigo gida ba wurina ta nufa ba. Ta faɗa kan Inna a kan sallaya tana cewa, "Sun tafi, Inna! Sun tafi da kansu!"

Duk da haka maganar baɗi tana nan a rataye. Goggo Helen ta yi mata barka, ba ta ƙara komai ba, mu kuma ba mu tambaya ba. Da sanyi ya ƙare a ƙarshen Maris, babanta ya kai allunan shago aka share zanen soso. Ranar mayarwa ta gaskiya ta zo. Inna ta aiki Walida wurin Goggo Helen ta aro dutsen guga da kakin rawaya, ta ce kada ta faɗi dalili. Ta shimfiɗa jarida a kicin ɗina, ta zuba wa tafin kaki mai kauri har ya rufe bakin ƙarfen don kada tsatsa ta kama shi a lokacin zafi, kamar yadda ta ji an ce mahaifin matar yana yi. Ba ta kankare ba. Dutsen gugar ma da tsumma kawai ta goge shi, tana cewa ta tuba da wanka. Muka sauka da alluna, da dutse, da kwanon alkaki.

Goggo Helen ta juya allon. Ta ga rawayan kakin nan shimfiɗe, dumu-dumu, har gefe. Ta sa yatsa ta shafa kamar wancan karon, sai dai yanzu idonta ne ya kawo ruwa. Ta ce tun rasuwar mahaifinta babu wanda ya taɓa miƙo mata allo a lulluɓe. Ta karɓi kwanon alkaki, ta mayar wa Walida allunan a hannu. Ta ce ta ajiye su a inda babu zafi babu laima, idan Disamba ta yi ta sauko su kankare tare, kuma kada ta sake mayar mata da su sai ranar da ta fi su tsawo.

Inna ta koma gida da damina ta kusa. Ba ta sake zuwa ƙasar nan ba, kuma Allah ya yi mata rasuwa bayan wasu shekaru, Allah ya jiƙanta da rahama. Har ƙarshen rayuwarta, idan an yi waya, Walida da Hausa take yi mata magana, kuma tambayar farko ita ce ko katakan nan sun sha mai. Goggo Helen ta tsufa ta koma wurin 'yarta. Walida ta girma tana aiki, ta sayi nata allunan dogaye, mafi yawan lokaci shago take kai su, ta ce babu lokaci. A benenmu yanzu ba na jin ana ƙwanƙwasa ƙofa neman aro. Abin da mutum ke so yakan taɓa waya ne a kawo masa a kwali, har ka shekara ba ka san sunan na hawan ƙasa ba. Ban ce wannan laifi ba ne, sauƙi ne Allah ya kawo. Sai dai nakan tuna cewa ta hanyar tukunyar Liman na san gidajen garinmu, ta hanyar allunan nan kuma 'yata ta san kakarta.

Jajayen allunan suna wurina har yau. Da Walida ta fi su tsawo Goggo Helen ta ce a bar su su ci gaba da yawo. Yusuf ya hau su, bayansa wata yarinya 'yar mutanen Nijar da ke Annandale ta yi sanyi biyu da su. Duk ƙarshen Maris nakan shimfiɗa jarida a kicin, in kunna tsohon dutsen gugar da matar nan ta bar min, in kawo shi kusa da kumatu. Idan kakin rawaya ya fara ɗiga, nakan gode wa Allah da ya haɗa ni da mutanen da suka ba ni aro, da wadda ta koya min mayarwa. Sai in ja dutsen a hankali daga hanci zuwa wutsiya, kuma ba na tsayawa.